Burushin gadar Galata

Zango muka yi a Istanbul, sai dare jirgi zai ɗauke mu. Mutuminku, wato abokin tafiyata, ya ce garin a tafin hannunsa yake. Ya tsara mana: Aya Sofiya, masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida, babbar kasuwa mai rufi, sannan mu hau jirgin ruwa mu taka ɓangaren garin da ke Asiya mu dawo na Turai kafin la'asar. Daga filin jirgi zuwa cikin gari kaɗai kusan kilomita 40 ne, wannan bai sa a lissafi ba. Muka tarar da kasuwa a garƙame, Lahadi ce. Ya ce wai da ba haka suke yi ba. Kasuwar da take nan tun ƙarni na 15!

A kan gadar Galata abin ya same ni. Wani ɗan shushaina ya gifta ta gabana, burushinsa ya faɗi. Na sunkuya na ɗauka, har da gudu-gudu ina kiransa. Ya juyo ya dafe ƙirji, ya rungume ni, ya nuna ƙafata alamar sai ya rama alheri. Jama'a, sandal ne a ƙafata. Sandal! Ina cewa a'a, ya riga ya ɗora ƙafar a kan akwatinsa. Ya shafa mai a igiyar, ya shafa a yatsuna, babban yatsa har sau biyu. Ga ni tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, babbar riga tana kaɗawa, ina ta murmushi ina cewa Allah ya saka. Da ya gama sai fara'ar ta ɗauke, ya miƙo hannu yana murza yatsu. Wani ƙato ya ɓullo ta bayansa, wai ɗan'uwansa. Na zaro lira, ya girgiza kai. Na ƙara. Ya sake girgizawa.

Ni fa ba shi ne ya fi ƙona min rai ba. Akwai wani dattijo cikin masu fatsa da suke jere a kan gadar. Tun faɗuwar burushi idonsa yana kaina. Ya san wasan sarai, ƙila kullum a gabansa ake yi, amma ko tari bai yi ba. Sai da na biya ya saki sandarsa ya tafa min, a hankali, har yana taɓo na kusa da shi. Da furfurarka, Baba? Kifin da ke bokitinsa ma bai kai ɗan yatsa ba. Allah ya sa haka ya wuni.

Mutuminku kuwa yana can gefe yana ɗaukar bidiyo.

Aya Sofiya, ginin da yake tsaye tun shekarar 537, ta tagar tarago muka hango ta, hoton ma rabinsa kunnen mutuminku ne. Asiya muka ɗaga mata hannu daga nesa. Man ya ƙi fita daga farcena har cikin jirgi, kuma kuɗin katin tarago har yau mutuminku bai ba ni ba.