Manhajar natsuwa ba ta maye gurbin inhela

Wani labari ya ce manhajar waya mai koyar da natsuwa da lura da numfashi na iya sauƙaƙa rayuwar manya masu asma, wato fuka. Akwai gaskiya a ciki. Duk mai fuka ya san idan numfashi ya sarƙe fargaba na tasowa, ita kuma ta ƙara shaƙe ƙirjin. Koyon kwantar da hankali zai taimaka a nan. Amma kumburin hanyoyin iska sai magani, don Allah kada kowa ya ajiye inhelarsa, wato abin shaƙar maganin asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mu nan damuwarmu ƙurar hunturu da tsadar inhelar kanta.