Saura mil goma a sauka, otofailot ya watsa maka ƙasa a ido

Wallahi wannan abu ya ishe mu. Mutum ya zauna awa biyu gaban manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, ya ƙona data, ya ƙona man janareta, jirgi na bin layi lafiya lau, sai dab da sauka otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta, ya birkice. Ko ya tsallake layin titin sauka kamar bai gan shi ba, ko ya liƙe a sama ya ƙi gangarowa, ko ya yi kwana ya koma inda ya fito. In ka yi ƙorafi amsar ɗaya ce: goge manhajar ka sake saukewa. Gigabait nawa ke nan? Da kuɗin wa? Alhali dalilan a fili suke, masu ƙera manhajar ne ba sa bayyana su, darussan da suke cusawa ciki kuma ba sa ko taɓa su.

Ɗauki kwanar nan ta komawa baya, a Cessna 172 mai allon G1000. Ka danna PROC, maɓallin hanyoyin tashi da sauka, ka zaɓi hanyar sauka, ka tayar da ita. Na'ura za ta nufi wurin farko na hanyar kai tsaye, ko da ka baro shi mil biyar a baya. Ba gargaɗi, ba tambaya. In hasumiya ce ke ba ka alkibla, zaɓin da ke jona ka da layin ƙarshe kai tsaye shi za ka tayar, ko ka buɗe FPL, jerin zangunan tafiyarka, ka tayar da zangon da ke gabanka. Jimla ɗaya ta isa a faɗa wa mai koyo wannan, amma an bar shi yana zargin kwamfutarsa.

Sai maɓallin CDI, mai zaɓar siginar da allurar alkibla ke bi. Muddin allurar alkibla tana ruwan hoda, GPS jirgin yake bi, ba siginar ILS ba, wato siginar rediyon da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka. Dole ta koma kore, ka ga LOC1 a rubuce. Sauyin kan faru da kansa, amma ba kullum ba, don haka kada ka dogara. Duba lambar tashar ma: tsakanin 108.10 da 111.95 take, kuma wuri biyu ne a rediyon NAV1, na aiki da na jira. Lamba tana zaune a wurin jira, kai kana jiran allura ta motsa, har abada ba za ta motsa ba. Kuma a maɓallan otofailot, NAV ba APR ba ne. NAV zai riƙe maka hagu da dama kawai, APR ne ke ɗana tarkon layin gangara, wanda jirgi ke bi ya sauko kan titi. A jirgin Airbus A320 ma haka, maɓallin LS ma'auni kawai yake nuna maka, sai ka danna APPR. Kalli saman allon G1000: farin rubutu yana jira, kore ya kama. Shigo wa layin a kusurwar da ba ta wuce digiri 30 ba. Ka zo masa a karkace da digiri 90 da gudu, dole jirgi ya zarce ya dawo yana tangal-tangal.

Inda abin ya fi ƙona rai shi ne hasumiyar bogin da ke cikin manhajar. Layin gangara digiri 3 ne galibi, wato kusan ƙafa 318 a kowane mil na ruwa. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tudun ƙafa 1,562 daga matakin teku, saboda haka a mil goma layin yana wajen ƙafa 4,700 a ma'auninka. Sai wannan murya ta bar ka a ƙafa 7,000, ta ce an ba ka izinin sauka. Ta ina? An tsara a kama layin ne daga ƙasansa: ka zo a miƙe, alamar ta sauko daga sama ta same ka a tsakiya. In kana samansa kuma ALT, mai riƙe tsayi, na riƙe da kai, alamar za ta kwanta can ƙasa, titi ya wuce ta ƙarƙashinka. Kada ka jira izinin na'ura, ka nemi saukowa tun da wuri. In ka makara, bar APR a ɗane ka sa VS, mai saita saurin saukowa, wajen ƙafa 1,000 a minti, in bai yiwu ba ka tashi ka sake zagayowa. Akwai layin ƙarya a digiri 9 da ke jiran wanda ya zo ta sama. Hanyar gane shi lissafi ne: ninka gudunka a ƙasa sau biyar. Not 90, wato mil 90 na ruwa a awa, na son saukowar kusan ƙafa 450 a minti, not 140 kusan 700. Ka ga ninki uku na haka, to ba layin gaskiya ka kama ba.

Ma'aunin tsayi ma kan ci amana. Ka bar saitin matsin iskarsa a 1013 alhali matsin iskar filin 1003 ne, zai ƙara maka kusan ƙafa 280 da ba ka da su. Tsayin yanke shawarar sauka ko fasawa a ILS na yau da kullum ƙafa 200 ne saman titi. Ƙasa za ka tarar kafin ma'auni ya kai can.

Cessna 172 ba ta da na'urar da ke rage mata wuta da kanta, hannunka ne. Otofailot ya kama gangara ba ka ja maƙura baya ba, gudu ya haura. Ka ja da yawa, shi kuma ya dinga ɗaga hanci don ya riƙe layi har fukafukai su saki iska.

Sauran biyun ba laifin matuƙi ba ne ko kaɗan. Tsohuwar sandar tuƙi tana aika 'yar rawa ko ba a taɓa ta ba, manhaja ta ɗauka kai ne kake kokawa da jirgi, ta kashe otofailot. Faɗaɗa mataccen yankin tsakiyar sandar zuwa kashi biyar cikin ɗari, ka duba ko sanda da madannin wasa duk suna riƙe da aiki ɗaya, ka kashe duk wani mataimakin tuƙi da sabuntawa ta kunna maka ba da saninka ba. Bayanan hanyoyin sama kuwa duk kwana 28 ake sabunta su a duniya. In taswirarka ta wannan zagaye ce, bayanan manhaja na bara, filin da ka ƙara kuma ya zo da nasa, sai ka ga allura a tsakiya cif, jirgi kuwa ya nufi ciyawar gefen titi. Fitar da ƙarin filin, ka sake gwada saukar da jirgin asali a sararin sama tangaran. In ta daidaita, ka kama ɓarawon cikin minti goma. Wannan gwajin ne ya kamata masu amsa ƙorafi su fara faɗa, ba su tura mutum sayen wata data ba.