Tsoro da lissafi: kishiyoyi biyu a wasannin gidan fatalwa

Akwai wani wuri a wasan kwamfuta mai suna Amnesia: The Dark Descent da har yau ban manta da shi ba. Za ka sauka wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ruwa ya malale. Ba ka ganin komai a cikin ruwan, amma da zarar ka tsoma ƙafa sai ka ji facal-facal daga nesa, ka ga ruwa yana fantsama yana nufo ka, taku bayan taku, alhali babu mai takun. Dole ka riƙa tsalle daga wannan akwati zuwa wancan. A gaba akwai ƙofar ƙarfe da ba ta ɗagawa sai an murza wani abu mai kama da sitiyari, kuma ba a murza shi sai an tsaya cikin ruwan. Dabarar ba wata mai wuya ba ce: ka jefa wani abu can nesa, dodon ya bi ƙarar, kai kuma ka sauka ka murza. Ɗan firamare ma zai gane. Amma daren da na fara isa wurin, iyafis a kunne, fitilar ɗaki a kashe, na daɗe tsaye a kan akwati ɗaya, tafin hannuna yana gumi a kan linzamin kwamfuta. Na san abin da ya kamata in yi sarai, sauka ce na kasa.

Kamfanin Frictional Games na ƙasar Suwidin ne ya fitar da wasan a 2010, kuma a wannan ɗaki guda ya nuna abin da ke jan mutane zuwa irin waɗannan wasanni, wato waɗanda ake sa ka a wani wuri mai ban tsoro, a kulle ƙofofi, a ce ba ka fita sai ka warware ƙulle-ƙullen da aka ɗaɗɗaura maka. A ganina tsoro da lissafi kishiyoyi ne. Tsoro yana cewa ka ruga, lissafi yana cewa ka tsaya ka duba da kyau. Idan mai tsara wasa ya iya zaunar da su gida ɗaya, za ka samu abin da fim ba zai taɓa ba ka ba. Idan ya kasa, ɗaya ce za ta kori ɗaya, kuma yawancin wasannin nan kasawa suke yi.

Auren nasu tsoho ne. Tun 1980 Roberta Williams da mijinta Ken suka fitar da Mystery House a kwamfutar Apple II, wasan da ake lissafawa a matsayin na farko a irinsa da ya zo da zane maimakon rubutu zalla. Labarinsa kuwa wani tsohon gida ne da aka kulle mutane a ciki ana kashe su ɗaya bayan ɗaya. A 1992 kamfanin Infogrames na Faransa ya zo da Alone in the Dark, shi ma gida. A 1993 The 7th Guest ya fito a faifan CD, da hotunan 'yan wasa na gaske suna yawo kamar fatalwa a gidan wani mai ƙera kayan wasan yara, Henry Stauf. Shi da Myst, wanda ya fito a shekarar, suna cikin wasannin da suka sa mutane da yawa suka sayi na'urar karanta CD a kwamfutocinsu. Resident Evil na 1996 ma a katafaren gida ya fara.

Me ya sa kullum gida? Domin kulallar ƙofa tana aiki biyu a lokaci guda. Ga mai son lissafi, tambaya ce: ina makullin? Ga matsoraci kuma barazana ce: me ke bayanta? A fim, idan jaruma ta nufi ƙofar da kowa ya san bai kamata ta buɗe ba, kana iya rufe ido ko ka yi mata tsaki. A nan kai ne ka sha wahalar neman makullin, kai ne za ka zura shi, kai ne za ka tura. A Amnesia ma ba maɓalli ake dannawa ƙofa ta buɗe ba, da linzami kake jan ta a hankali kamar da hannunka, har kana iya buɗe ta kaɗan ka leƙa. Babu wanda za ka ɗora wa laifin abin da ka gani.

Wani abin da ke burge ni shi ne ba sa buƙatar saurin yatsa. Wanda ba zai iya wasan harbe-harbe ba, inda kafin ka ƙifta ido an gama da kai, yana iya zama da The Room, wanda Fireproof Games na Ingila suka fitar a 2012, ya yi ta jujjuya wani akwati da yatsa. Ka zame wani ɗan ƙarfe, aljihu ya fito, cikin aljihun akwai makulli, makullin ya buɗe wani akwatin a cikin na farko. Babu dodon da ke bin ka ko ɗaya. Amma wasiƙun da mai akwatin ya bari suna nuna mutum ne da hankalinsa ke gushewa sannu a hankali, kuma kowane ƙulli ka kwance, sawunsa kake bi. Tsikar jikinka za ta tashi ba tare da an yi maka ihu a kunne ba. Ga kuma daɗin nan na jin ƙas! idan abu ya shiga mazauninsa, wanda ya fi daɗi idan ya zo bayan fargaba.

To amma ba a haɗa gudu da susar katara, kuma a nan matsalar take.

Tsoro ba ya jure jira. Minti biyar na farko a ɗakin da jini ya ɓata bango, gabanka na faɗuwa. Bayan minti arba'in kana neman inda za ka sa wani ɗan guntun ƙarfe, bangon ya zama bango kawai, kukan da ke fitowa daga rufi ya zama surutu mai damun kunne, kai kuma ka koma mai cin tsaki. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Haka dodon da ya kashe ka sau takwas a lungu ɗaya: a karo na farko hantar cikinka ta kaɗa, a na takwas ka haddace takunsa, ka san sai ya juya hagu sannan za ka wuce, ya zama kamar fitilar ba da hannu a kan titi. Mutuwa a wasa ita ce ke tona asirin cewa babu abin da zai same ka illa maimaici.

The 7th Guest ne ya fi kowa faɗawa wannan rami, duk da sunan da ya yi. Gidan yana da kwarjini, amma ƙulle-ƙullen da ke cikinsa yawanci an kwaso su ne daga tsoffin littattafan wasa ƙwaƙwalwa an manna musu ƙoƙon kai. Ka jera sarauniyoyi takwas a allon ces, wato darar Turawa, ba tare da ɗaya ta iya cin ɗaya ba. Ka yanka kek gida-gida yadda kowane yanki zai samu ƙoƙon kai biyu da dutsen kabari biyu. Mene ne haɗin wannan da yaran da suka mutu a labarin? Babu. Da za a ɗauke su a kai su wasan da ake yi a gonar furanni, ba abin da zai canza. Akwai ma wani na gwangwanaye a ɗakin girki, inda za ka jera haruffa su ba da jimlar Ingilishi da babu wasali a cikinta sai Y. Wanda aka haifa cikin harshen ma yana shan wuya, balle wanda ya koya a aji. Masu tsara wasan sun san da haka, shi ya sa suka ajiye wani littafi a ɗakin karatu: ka duba sau biyu ya ba ka haske, a na uku ya warware maka gaba ɗaya. Wannan amsa laifi ne a fakaice.

Batun harshe ba ƙarami ba ne, kuma ba kasafai masu sharhi ke kula da shi ba. A Silent Hill 3 na 2003, idan ka zaɓi mataki mai wuya, akwai ƙulli a kantin littattafai da ba ya kwantuwa sai ka san labaran wasannin kwaikwayon Shakespeare. Wannan ba gwajin basira ba ne, gwajin makarantar da ka yi ne.

Sai kuma ƙullin da hankali ba ya kamawa. Wanda aka fi yi wa dariya a tarihin wasannin nan yana cikin Gabriel Knight 3 na 1999. Kana so ka yi shigar wani mutum don ka karɓi babur da fasfonsa. Sai ka manna salatif a wani rami, ka kora kyanwa ta bi ta ciki, gashinta ya maƙale, ka shafa masa ruwan zaƙi ka liƙa a leɓe ya zama gashin baki. Abin takaicin, mutumin da kake kwaikwayo ba shi da gashin baki ko ƙwaya ɗaya, don haka sai ka zana masa a hoton fasfon da alƙalami. Wa zai zauna ya yi wannan tunani da kansa? Wanda ya tsallake wurin, ko dai ya gwada kowane abu a kan kowane abu har Allah ya taimake shi, ko ya je ya duba amsa. Yau kuwa amsar tana YouTube, taɓawa biyu a waya. Da zarar ka dakatar da wasa ka kunna bidiyon wani yana fara'a yana nuna maka inda za ka danna, gidan fatalwar ya rushe, kuma ba ya sake ginuwa a wannan daren.

Akwai ƙananan abubuwa da na daina yi wa fushi, dariya kawai suke ba ni. Ofishin 'yan sanda a Resident Evil 2 da ake buɗe ƙofofinsa da makullai masu siffar zanen karta, ana tura gumaka ana neman duwatsu masu daraja. An ce wai da can gidan adana kayan tarihi ne, to amma ɗan sandan da fitsari ya matsa fa? Da mutanen da dodo ke ɓalla musu ƙofa amma suna da sukunin zama su rubuta wasiƙa mai shafi biyu, har da lambar buɗe sef a ƙasa. Wanda bai ba ni dariya ba shi ne yadda aka mayar da asibitin masu taɓin hankali wurin farauta, kamar duk mai wannan lalura dodo ne. Lalaci ne na marubuta, kuma yana da illa a wajen wasa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a raba auren ba, a bar tsoro gefe, lissafi gefe. Akwai waɗanda suka nuna ana iyawa, kuma dabararsu ɗaya ce: sun sa ƙullin ya zama shi ne abin tsoron.

Dubi Return of the Obra Dinn, wanda mutum ɗaya, Lucas Pope, ya tsara ya fitar a 2018. Shekarar 1807 ce, wani jirgin ruwa da ya ɓace ya dawo babu mai rai a cikinsa, kai kuma ma'aikacin inshora ne da aka aiko ka tantance abin da ya faru da mutum 60. Kana da agogon aljihu da ke mayar da kai daidai lokacin da mai gawa ya cika: ka ji kalamansa na ƙarshe, sannan ka ga komai a daskare. Aikinka ka faɗi sunansa da abin da ya kashe shi. Ba yadda za ka yi ka kawar da kai, domin amsar tana jikin abin da ba ka son kallo. Dole ka matsa kusa da mutumin da ake yagawa ka duba zanen da ke jikinsa, ka saurari karin harshen mai ihu, ka lura da lambar da ke jikin ragar kwanciyarsa. Wasan kuma ba ya tabbatar maka da amsa sai ka dace da mutum uku a tare, don kada ka yi ta cinke. A nan tsayawa ka yi tunani ba ya kashe tsoro, ƙara nutsar da kai yake yi.

Detention na kamfanin Red Candle Games na Taiwan, 2017, ya bi wata hanyar. Makaranta ce a shekarun 1960, lokacin dokar soja, sa'ad da karanta littafin da gwamnati ta haramta kan iya kai mutum kurkuku ko kabari. Akwai fatalwa, har sai ka riƙe numfashi idan za ka gifta su. Amma kowace takarda ka tsinta, kowace ƙofa ka buɗe, tana matsar da kai ga tambaya guda: wa ya kai ƙarar masu karatun nan a ɓoye? Kana isa ga amsar za ka gwammace da ba ka iya lissafi ba. Ko a Silent Hill na farko, 1999, ƙullin fiyano a makarantar firamare ya zauna daram: waƙa ce a kan tsuntsaye marasa murya, amsar kuma tana cikin maɓallan da ba sa fitar da sauti. Kafin ka gane, ka daɗe kana danna matattun maɓallai a ajin da babu yara.

Wasu kamfanonin sun zaɓi su bar wa ɗan wasa ya raba wa kishiyoyin kwana da kansa. Silent Hill 2 na 2001 ya ware matakin wuyar faɗa daban, na kacici-kacici daban. Frictional kuma a 2017 sun ƙara wa wasansu SOMA wani tsari da dodanni ke nan suna yawo amma ba sa kashe ka. Masu ganin kansu gwanaye sun yi ta gunaguni wai an lalata wasa. Ni na gwada, kuma na fi jin tsoro a haka, saboda ban taɓa mutuwa na ga iyakar abin da dodon zai iya yi ba. Har na gama ina rakuɓewa a bayan tebur idan na ji takunsa, alhali an riga an gaya mini ba zai taɓa ni ba.