Kalandar 'Yan Wicca Ɗinkin Ingila Ce

Duk wanda ya ce muku bukukuwa takwas na Wicca, addinin tsafi na zamani da ya taso a Ingila, gadon dubban shekaru ne, ku tambaye shi wace al'umma ce ta taɓa yin su takwas ɗin cif kafin Kiristanci ya shiga Turai. Babu ita. Ronald Hutton, masanin tarihi a Jami'ar Bristol, ya daɗe da nuna haka. An haɗa tsarin ne a shekarun 1950, zamanin Gerald Gardner, wanda ya fito da addinin fili a 1954, shekara uku bayan Birtaniya ta soke tsohuwar dokar hukunta masu tsafi.

Ƙyalle biyu aka ɗinka wuri guda. Na farko shi ne bukukuwa huɗu na tsoffin makiyaya da manoman Ailan da Sikotland: Samhain a daren 31 ga Oktoba, lokacin sauko da shanu daga makiyaya, wanda 'yan Wicca suka mayar daren tunawa da mamata, Imbolc 1 ko 2 ga Fabrairu, lokacin da tumaki ke fara haihuwa, Beltane 1 ga Mayu, ranar da ake hura wuta biyu a kora shanu ta tsakaninsu don neman kariya, sai Lughnasadh 1 ga Agusta, farkon girbi. Waɗannan ba sa motsi a kalanda, amma da faɗuwar rana ake fara su, shi ya sa ake kunna wutar Beltane ta tudun Calton a Edinburgh a daren 30 ga Afrilu.

Ƙyalle na biyu yana bin tafiyar rana. Yule wajen 21 ga Disamba, dare mafi tsawo. Litha wajen 21 ga Yuni, wuni mafi tsawo. Ostara wajen 20 ga Maris da Mabon wajen 22 ko 23 ga Satumba, ranakun da dare da wuni ke daidaita. A nan sababbin shiga ke tuntuɓe: su rubuta "21" a duka huɗun su yi zamansu. Shekarar rana kwana 365 ce da kusan awa 6, don haka lokacin yakan gusa da kwana ɗaya ko biyu, dole a duba lissafin taurari na kowace shekara da kuma agogon ƙasar da mutum yake.

Sunayen ma wasu jiya-jiya aka raɗa su. Wani Ba'amurke, Aidan Kelly, shi ya laƙaba Ostara da Litha da Mabon a shekarun 1970. Mabon kuwa sunan wani gwarzo ne a tatsuniyar Wales, babu abin da ya haɗa shi da watan Satumba. Har yau akwai tsofaffin mabiya a Ingila da ba sa kiran sunan.

'Yan Wicca suna zana kalandar kamar ƙafar keke mai sanda takwas daidai wa daida, amma ku ƙirga. Daga 22 ga Satumba zuwa 31 ga Oktoba kwana 39 ne; daga 1 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba kwana 52. Masu tsananta lissafi sukan kai Samhain wajen 7 ga Nuwamba don ya faɗa tsakiya sosai. Ga kuma taron cikar wata, Esbat, sau 12 ko 13 a shekara, wanda lissafinsa daban yake.

Babban raunin kalandar a ganina shi ne ba ta jure tafiya. A Ostareliya sai an juya ta da wata shida: Yule a Yuni, Samhain a ƙarshen Afrilu, Beltane ya zo ranar 31 ga Oktoba, lokacin da maƙwabta ke shagalin Halloween. Duk ma'anarta tana rataye ne a kan wuni da ke kaiwa awa 16 da rabi a Landan a Yuni, ya koma ƙasa da awa 8 a Disamba. A Kano bambancin bai wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma damina da rani ne ke raba mana shekara. Wanda ya ce zai yi bikin narkewar ƙanƙara a Maris a nan, bazara ce za ta tarye shi.