Tsinuwa ce ta sa Tamlin, ko dama halinsa ne?

Littafin Sarah J. Maas, A Court of Thorns and Roses, ya fito tun 2015 amma har yau masu karatu ba su daina faɗa a kansa ba, musamman tunda 'yan TikTok suka sake tono shi kowa ya kama saye. A Goodreads, shafin da masu karatu ke auna littattafai, yana da tauraro sama da 4 cikin 5, sai dai in ka gangara ƙasa ka karanta abin da mutane suka rubuta za ka rantse littafi biyu daban ake magana a kai. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya gara ya tsaya nan, don zan fasa ƙwai.

Labarin dai na Feyre ne, yarinya 'yar shekara 19 mai farauta don ciyar da babanta da yayyenta mata biyu. Ta harbe wani kyarkeci a daji, ashe aljani ne, sai Tamlin sarkin wata masarautar aljanu ya zo ya tafi da ita ƙasarsu Prythian wai a bakin ran da ta kashe. Can ta tarar kowa a gidan fuskarsa rufe da takunkumin da ba ya ciruwa. Sai can gaba sosai wata hadima Alis ta warware mata zancen, wai Amarantha, wata muguwar sarauniyar aljanu, ce ta tsine musu saboda Tamlin ya ƙi soyayyarta, ta ba shi shekara 49 ya samo 'yar Adam wadda ta tsani aljanu har ta kashe ɗaya daga cikin mutanensa, sannan ta dawo ta so shi ta kuma furta da bakinta, kuma ba wanda ya isa ya gaya mata komai.

Wani ƙorafin da ake yi shi ne wai sharuɗɗan nan sun yi yawa, an ga hannun marubuciya ƙarara tana ɗinka tsinuwa daidai wuyan jarumarta. Ni wannan bai dame ni ba sam. Tatsuniya ce aka faɗaɗa, ta Beauty and the Beast da tsohuwar waƙar Tam Lin ta Sukotland, kuma tatsuniya dama da sharaɗi take tafiya, kar ka waiwaya, kar ka buɗe ɗakin can, ba mai tambayar dalili. Masu cewa kacici-kacicin da Amarantha ta ba Feyre ta warware don karya tsinuwar ya yi sauƙi kuwa suna da gaskiya, amsar soyayya ce, masu karatu da yawa sun gano da wuri, Feyre kuwa sai da ta yi wata uku a fadar Amarantha da ke ƙarƙashin dutse, inda ta je ceto Tamlin, tana shan baƙar wuya. Wannan kam rauni ne, ba sai an ja ba.

Inda rigimar take da nama shi ne kan Tamlin. Ɓangare ɗaya na cewa bawan Allah ne da aka ɗaure wa baki, ya yi iya yinsa, har ma ya maida ta gida saura kwana uku wa'adi ya cika don kar a kashe ta, ya zaɓi ya rasa komai. Ɗaya ɓangaren, waɗanda suka karanta na biyun da ya fito 2016 inda ya kulle ta a gida kamar kaya, sun dawo suna cewa ai dama alamun suna nan mu ne soyayya ta rufe mana ido.

Ni ina tare da na biyun, amma ba don littafi na biyu ba, a na farkon ma hujja ta isa. Ka duba fa, mutumin nan shi ya riƙa tura dakarunsa su haye katangar da ta raba ƙasar aljanu da ta mutane a siffar kyarkeci don wata ta kashe su, Andras da Feyre ta harba aike ne. To duk fenti da burushin da ya ba ta, da kuɗin da ya tura wa danginta, da zaman hira a lambu, ya san cewa kalma ɗaya daga bakinta ce mabuɗin sarƙarsa, ita kuwa ba ta sani ba. Tsinuwar ta hana shi magana, na yarda. Ba ta ce ya yi mata ƙaryar cewa yarjejeniyar aljanu da mutane ce ta wajabta ya raba ta da gida ba, dabararsa ce wannan. Ya iya yiwuwa daga baya son ya zama na gaske, amma an fara shi ne ɗaya na riƙe da duk bayanan ɗaya na lalube cikin duhu.

Mu ma ai mun saba da wannan a littattafanmu na soyayya da ake turawa a WhatsApp, miji ya gallaza wa mata shafi ɗari biyu, sai a ƙarshe a ce asiri kishiya ta yi masa, a tono laya a bayan gida, shikenan an wanke shi tas kowa ya koma yana masa addu'a. Asirin ya zama sabulu.

Abin da ke ban haushi da 'yan ɓangarena kuwa, sun tsine wa Tamlin sun rungumi Rhysand, sarkin wata masarautar aljanun daban, ido rufe. Wannan fa shi ne ya samu Feyre a kurkukun Amarantha hannunta ya ruɓe tana gab da mutuwa, ya ce ba zai warkar da ita ba sai ta yarda ta riƙa ba shi mako ɗaya duk wata, ya kuma riƙa ɗirka mata giyar aljanu yana sa ta rawa gaban jama'a. Da aka zo littafi na biyu aka ce ai duk don ya kare ta ne, shi ma a ƙarƙashin Amarantha yake ba yadda zai yi, sai kowa ya ce ayya. Uzurin da suka hana Tamlin shi suka ɗauka suka miƙa wa Rhysand, bambancin kawai marubuciyar ta ba shi babi guda cur ya zauna ya kare kansa, Tamlin kuwa ba a ba shi wannan damar ba.