Hanyar da ba ta gaya wa direba komai

Akwai tambayar da na kusan shekara ina yi wa direbobin haya duk ranar da na samu kujerar gaba: "Malam, gudu nawa doka ta yarda ka yi a kan wannan hanyar?" Mutum biyu ne kacal suka taɓa ba ni amsa daidai. Cikin sauran, wani ya ce 120, wani ya ce ya danganta da lafiyar mota. Wani dattijo da ya haura shekara talatin yana riƙe da sitiyari ya ce mini tsakani da Allah bai taɓa jin akwai adadi ba, abin da ya sani shi ne idan kwalta ta yi kyau a taka, idan ta farfashe a sassauta. Ban ga laifinsa ba, domin tun daga tashar da muka taso har inda ya sauke ni ban ga allo ɗaya da ya faɗi adadin ba.

Adadin kuwa yana nan a littafin dokokin hanya na Najeriya. Ga ƙaramar mota da bas, a cikin gari kilomita 50 ne a awa. A hanya mai falan ɗaya 80. A babbar hanya mai hannu biyu, ƙaramar motar gida 100, bas da tasi 90, tirela da tanka 60. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu tun 1 ga Fabrairun 2017. Duk wanda ya shiga Sharon ko Golf daga Kano zuwa Kaduna a 'yan shekarun nan, ya leƙa malejin motar ya gaya mini inda allurar take tsayawa.

Abin da ya sa na fara wannan tambaya ya faru ne da hunturu, ina dawowa daga ta'aziyya a kan wata babbar hanya da ake gyara. Magariba ta wuce, hazo ya sauko, direbanmu yaro ne matashi, yana ta zuba gudu don ya samu ya juyo da wani lodin. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ɗan nan, ka yi mana a hankali don Allah, ba sauri muke ba." Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, hanyar nan kamar tafin hannuna take." Bai rufe baki ba fitilarsa ta hasko durom uku da tulin ƙasa a tsakiyar titi. An rufe hannunmu. Babu allon gargaɗi tun daga nesa, babu fenti mai ƙyalli a jikin durom ɗin, babu mai tuta. Ya taka birki, motar ta yi ta jan taya, ya karya sitiyari muka faɗa ɗaya hannun, sai ga fitilun tirela sun cika mana ido. Ban san yadda muka goce ba. Na dai tuna salatin da ya cika motar, da ƙaurin taya, da yadda yaron ya tsaya a gefe ya kifa kai a kan sitiyari hannunsa na rawa. Da ya ɗago, abin da ya fara cewa shi ne, "Wallahi jiya da safe na wuce nan, a buɗe take."

Na yarda da shi, kuma nan ne bakin zaren. Ya yi ganganci, babu shakka. Amma wanda ya rufe hanya da rana ya tafi gida bai bar wata alama ba, yana da kaso a duk jinin da zai zuba a wurin da daddare. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka kan birki, wannan tazarar ta riga ta tafi. Idan kuma aka haɗe hannu biyu a falan ɗaya, kowa na gudun 100, tazarar da ke tsakaninsu tana ƙarewa da fiye da mita 55 a daƙiƙa. Shi ya sa taho-mu-gama a wurin aron hannu ba kasafai yake barin mai ba da labari ba. Wurin da aka haɗe hannu ya daina zama babbar hanya, ya kamata gudun ya sauko ƙasa sosai, a rubuta shi ɓaro-ɓaro tun saura kilomita ɗaya, a maimaita, a sake maimaitawa.

Mu da muke bin hanyar Abuja zuwa Kano mun ga wannan da idonmu tsawon shekaru. An ba da kwangilar gyaranta a Disambar 2017, tsawonta kilomita 375, kuma tun daga lokacin matafiyi ya saba da a rufe nan yau, a buɗe can gobe. Ba na adawa da rufe hanya, aiki ba ya yiwuwa sai da shi. Abin da nake nema shi ne sanarwa: a faɗa a rediyo da Hausa kwana biyu kafin a rufe, a aika wa shugabannin yuniyon a tasha, 'yan kamasho su gaya wa kowane direba kafin ya tashi. Wannan ba ya cin ko kuɗin kwalbati ɗaya.

Mun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar nan kaf ta koma tuƙi a hannun dama. Iyayenmu har yau suna lissafin shekaru da "canjin hannu", saboda an shiga lungu da saƙo ana faɗakarwa har maganar ta zauna a kan kowa. Idan an iya sauya wa ƙasa guda hannu a rana ɗaya, ba za a gaza koya wa direba lamba uku ba.

Sai batun suna. A takardun gwamnati wannan hanya A2 ce, ta taso daga kudu ta ratsa Benin, Lokoja, Kaduna, Zariya da Kano, ta bi Kazaure da Daura har iyakar Nijar. Babu fasinjan da ke kiranta haka, kuma ba damuwa, muna da namu sunayen: Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Kwangila, Mararrabar Jos, Rijana, Jere. Damuwar tana tsakanin waɗannan garuruwa. Hatsari ya auku a daji, ka kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, a tambaye ka ina kuke, sai ka ji kanka kana cewa "mun ɗan wuce wani gidan mai". A da akwai duwatsun mil a bakin hanya, daga gare su ne Mil Tara ta hanyar Katsina a Kano da Milgoma ta kusa da Shika suka samo suna. Yanzu ana iya tafiyar awa guda ba a ga dutse ɗaya mai lamba ba. Allon da ba a taɓa mantawa da shi ba shi ne na sunan babban mutumin da aka raɗa wa titi ko gadar sama. Ban hana a karrama kowa ba, amma mai raunin da ke kwance a gefen kwalta lambar kilomita yake buƙata.

Mutanen ƙauyukan bakin hanya sun gaji da jira, shi ya sa suke tara ƙasa da duwatsu su yi tudun rage gudu da kansu, yawanci washegarin ranar da mota ta kaɗe musu yaro. Tudun ba shi da fenti, ba shi da allo, baƙon direba ya hau shi da gudu cikin dare, wani sabon hatsarin ke nan. Ina kira ga 'yan majalisarmu da ke bin hanyar nan duk mako, su nemi a sa allon gudu a mashigar kowane gari mai kasuwa a bakin titi, irin Kwanar Gafan da ke cika da masu lodin tumatir da rani, da lamba manya da rubutun Hausa, har da ajami, domin da yawa cikin direbobinmu da shi suka fi saurin karatu.