A bar wa malam-buɗe-littafi tumfafiyarsa

A bayan gidan da nake haya a Agege, dab da layin dogo, akwai wani fegi da mai shi ya daɗe bai gina ba. Gindin tumfafiya uku ne suka tsiro a ciki, irin wadda muka baro a bakin hanyoyin Arewa. Wata ranar Asabar 'yata ta shigo da gudu tana haki: "Baba, zo ka ga tsutsa mai ado!" Na je na tarar da ita a ƙarƙashin ganye, mai ratsin baƙi da fari da rawaya, da wasu zaruruwa shida a bayanta kamar ƙahoni. Na ce mata ta bar ta, wannan ɗan malam-buɗe-littafi ne.

Irin da nake magana a kai shi ne mai fukafukai ruwan goro, baƙi a gefe da ɗigon fari, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa wa suna Danaus chrysippus a 1758. Faɗinsa idan ya buɗe ya kai santimita 7 zuwa 8. Na Afirka ta Yamma yana da alama tasa: fukafukan baya farare ne. Ba ya son duhun kurmi, ɗan fili ne, mai son rana da ciyawa da bakin gona. Masarawan dā ma sun san shi, don an zana shi a bangon wani kabari a Luksor sama da shekara 3,000 da suka wuce.

Rayuwarsa a kan tumfafiya da danginta take. Macen tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a bayan ganye. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta fito, ta fara cinye ɓawon ƙwanta, sannan ta fuskanci ganyen. Kowa ya san farin ruwan nan mai danƙo na tumfafiya. Ita tsutsar, tana ƙarama, sai ta fara yanka ganyen a zagaye, ta bar ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci tsakiyar. Na tsaya na ga wannan zoben da idona, bai kai girman ƙwayar wake ba, kuma sai da na ce subhanallahi. Sauran dafin da ta haɗiya ba ya kashe ta, ajiye shi take yi a jikinta. Bayan ta yi saɓa sau huɗu sai ta rataye kanta ƙasa, ta zama wani ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinariya, daga nan malam ya fito da dafinsa a jiki. Tsuntsun da ya ci ɗaya ya yi amai ba ya ƙara marmari. Shi ya sa za ka ga yana tashi a hankali, ba ya gaggawa. Har akwai wani nau'in dabam marar dafi da macensa take kwaikwayon launinsa don ta tsira.

To a Legas fa? Mun mayar da duk wani tsiro da ba mu shuka ba ƙazanta. Tsakar gida siminti, ƙofar gida intalok, abin da ya rage a bi shi da maganin ciyawa. Inda aka yi niyyar ƙawata gari kuma, sai a kawo furannin waje da aka aske su tsaf. Babban malam zai iya tsotsar wasunsu, amma tsutsarsa ba za ta ci ba, kuma in babu tsutsa babu malam. Najeriya tana da nau'in malam-buɗe-littafi fiye da 1,000, amma yaran da aka haifa a Idi-Araba ko Obalende sai su yi wata ba su ga ɗaya ba.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Ciyawa tana ɓoye maciji, tana tara bola, ɓata-gari suna fakewa a cikinta. Ruwan tumfafiya kuma in ya shiga ido illa ne, dole a gargaɗi yara. Amma gindi biyu a kusurwar fili ba jeji ba ne. A share bola, a rage ciyawa da adda, a bar tsiron. Balle ma tumfafiya ba banza ba ce, da ganyenta Fulani suke daskarar da madara su yi cuku, wanda Yarabawa suke kira wara.

Cibiyar kare muhalli ta Lekki, wadda aka kafa a 1990 a kan hekta 78, abin yabo ce. Sai dai ɗan Agege ba kullum zai keta cunkoson gari ya je Lekki ba. Ina ganin ya kamata hukumar lambuna ta jiha, LASPARK, da makarantu da masallatanmu masu fili su ware ɗan lungu na tsirran gida, a rubuta cewa ba a fesawa.

Makon jiya aka zo fesa fegin namu. Na roƙi dattijon da ke gadin wurin: "Baba, don Allah a bar mana ko gindi ɗaya." Ya dube ni, ya ce, "Malam, ta kusa da katanga ta ishe ka?" Na ce ta isa. Jiya da yamma ni da 'yata muka ɗaga ganyenta ɗaya bayan ɗaya, muka ƙirga ƙwai huɗu.